Yadda Na Zargi Yayana da Tuge Mini Gyaɗa

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuto shi, don ba abin alfahari ba ne. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ban daɗe da aure ba, ina zaune a gidanmu na gado a wani ƙauye kusa da Toranke. Na yi sakandare a Gaya, na yi 'yan shekaru ina buga-buga a Kano, sannan na dawo gida da buri guda: cikin damina uku in zama mai fitar da irin gyaɗa mai kyau, wanda manoma za su riƙa nema a kasuwar Ajingi. Na tsara komai a kaina. Daminar farko in gwada, ta biyu in yawaita irin, ta uku in fara sayarwa. Ta farko ta yi kyau, kuma daga nan kaina ya fara kumbura.

Gonata tana iyaka da ta yayana, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyar. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai shiru-shiru, bai yi boko ba, kuma in ya faɗi magana sau ɗaya ba ya maimaitawa. A damina ta biyu na makara da shuka, saboda ina jiran ƙarin iri daga Kano. Ranar da nake shukar ya tsaya a kan iyaka ya ce mini na makara, kuma tazarar da nake bayarwa ta yi yawa, gara in matse. Na amsa masa a gaban masu taya ni aiki cewa wannan ba irin gyaɗar da ya saba da ita ba ce, kowa ya ji da gonarsa. Ya saɓa fartanyarsa ya wuce. Ni kuwa a raina na ɗauka baƙin ciki ne ya fara cin sa, ganin ƙaninsa zai wuce shi.

Gyaɗa ta fito, ta yi kamar sati biyar. Wata safiya ina zagayawa sai na ga gurbi a tsakiyar kunya, an tuge tushe uku har saiwa. Na ce ko dabba ce, amma dabba ba ta tugewa ta tafi da komai, ba ta bar ko ganye ba. Bayan kwana biyu na sake ganin wasu gurabe, wannan karon a gefen gabas. Na durƙusa na duba ƙasa, sai ga sawun takalmin roba, babba, dunduniyar hagu ta cinye. Na san takalmin. Kullum yana ƙofar zaurenmu.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. In yayana ya tambaye ni ya gona, sai in ji kamar gatse yake yi. In matarsa ta aiko mana da tuwo, sai in ce wa matata ta ajiye, ba na jin yunwa. Na daina zama kusa da shi a masallaci. Na kai maganar wurin wani abokina da muke shan shayi tare, shi kuma maimakon ya ce in tambaya, sai ya ce ai irin wannan ba sabon abu ba ne, akwai masu ɗibar amfanin gonar mutum su kai a yi masa aiki a kai don kada ta yi albarka. Wannan magana ta zauna mini daram, domin dama abin da zuciyata ke son ji ke nan. Matata ta roƙe ni in je in same shi mu yi magana, na ce mata ba ta san halin 'yan uwa ba.

Wata rana bayan sallar asuba na riga kowa fita, na shige cikin dawar maƙwabcinmu na tsuguna. Gari ya fara haske sai ga shi da buhu a kafaɗa. Ya shiga gonata yana tafiya a hankali, yana sunkuyawa yana duba ganye, ya tuge nan, ya wuce can ya tuge, yana zubawa a buhu. Da ya gama sai ya nufi ƙarshen gonarsa, ya haƙa rami, ya juye, ya binne, ya tattake da ƙafa. Na ce shi ke nan, na ga asiri da idona.

Ban tare shi a nan ba. Na wuce gidan baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a dangi, na ce a kira yayana. A gaban baffa da wasu dattawa biyu na zazzage abin da ke cikina. Na ce yana lalata mini gona, yana binne mini gyaɗa don ya kashe mini buri, na ce hassada ce ke damunsa tun da na dawo daga Kano. Yayana ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa. Sannan ya ɗago ya ce, "Je ka tone ramin ka duba ganyen, sai ka dawo mu yi magana." Na ce ba zan taɓa abin da aka binne da mugun nufi ba. Baffa ya ce in yi hankali da bakina. Yayana ya miƙe ya ce, "Baffa ka shaida, ƙafata ba za ta ƙara taka gonarsa ba." Ya sa takalminsa ya fita.

Na yi kwana kusan ashirin ina jin na yi nasara, don ba a ƙara tuge ko tushe ɗaya ba. Sai gyaɗar ta fara canzawa. Ganye ya yi rawaya, ya murɗe, tsiron ya ƙanƙance ya daina girma. Ya fara jefi-jefi, kafin sati biyu ya mamaye fiye da rabin gonar. Har a lokacin ina cewa aikin da aka yi mini ne ya kama. Na hau babur na je Gaya na ɗauko wani malamin gona da na sani. Yana shiga ya ce wannan ai kuturun gyaɗa ne, wasu ƙananan ƙwari ke yaɗa shi, kuma ya fi kama wadda aka makara da shukarta aka ba ta tazara. Ya ce babu maganin da zai warkar da wadda ta kamu, abin yi shi ne da zarar an ga alamar farko a tuge tushen a kai shi nesa a binne. Da ya ga tsofaffin guraben sai ya tambaye ni me ya sa na fara aikin da ya dace kuma na daina. Na nemi kan wata kunyar gyaɗa na zauna.

Da yamma na je wurin yayana na durƙusa. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini. Ya ce ai ni na ce kowa ya ji da gonarsa, ya san in ya yi magana ba zan ji ba, kuma ba zai iya zuba ido cutar da ta taɓa cinye gonar mahaifinmu ta cinye tawa ba. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Na koma gaban baffa da dattawan nan na janye maganata, amma ta riga ta zaga ƙauye, har an fara nuna matarsa a wurin biki.

A shekarar abin da na samu bai kai na iri ba, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli aka yi da shi. Sai da na ƙara damina biyu a kan lissafina kafin na fara kai iri kasuwa. Yau ina sayarwa, alhamdu lillahi. Amma yayana har yanzu bai taka gonata ba. In ina neman shawara, sai in tsinko ganye in kai masa gida ya duba, ya faɗa mini abin yi, ya koma shirunsa.

Abin da na koya shi ne, buri yana iya rufe wa mutum ido har ya riƙa ganin duk wanda ya gyara masa a matsayin maƙiyi. Ni ban rasa tsari ba, ban rasa ƙwazo ba, kunnen sauraro na rasa. 'Yan uwana matasa masu son cimma wani abu, in kun ga abin da ba ku gane ba daga wanda ya saba yi muku alheri, ku je ku tambaye shi kafin ku tara masa jama'a. Gonar da ta lalace na sake shuka ta da damina ta zagayo. Kalmar da na jefi ɗan uwana da ita a gaban dattawa kuwa, har yau ban san yadda zan mayar da ita bakina ba.