Lallen Bayan Ɗakin Inna

Ƙamshin ɗanyen lalle nake fara tunawa. Ba kwaɓaɓɓen da ake ƙunsa wa amare ba, na itacen da aka sare yanzu-yanzu, ganye na zuba, ƙananan furanni suna manne wa tafin ƙafa.

A lokacin ɗana yana da wata goma sha biyar, ya fara irin tafiyar nan da ba ta san tsoro ba. Muna zaune a gidan su mijina, a wani ƙauye kusa da Guri, tare da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Mace ce mai ƙarancin magana. Abu ɗaya ya riƙa ba ni mamaki game da ita: matan garin ba sa kama sunan ɗan fari, kunyarsa suke ji, amma ita gatsau take kiran mijina, alhali shi ne babba a ɗakinta. Na ɗauka wayewa ce.

Bayan ɗakinta akwai ɗan fili da dangar kara ta kewaye. Daga nan ana hango fadama, doguwar ciyawar kachalla tana kaɗawa, balbelu suna sauka kamar an shanya fararen kaya. Nan yaron ya fi so. Ina juya baya, ya nufi can.

Ni kuwa duk inda na duba haɗari nake gani. Na sa aka yi wa rijiya murfin ƙarfe da kwaɗo. Na tsince fasassun kwalabe, na kwashe tsofaffin ƙugiyoyin kamun kifi na marigayi surukina, waɗanda suka yi tsatsa a cikin wani gora. Na ɗaga duwatsun da kunama ke laɓewa. Mijina ya toshe ɓular danga ta wajen kududdufi, yana min dariya.

"Ke da karatunki, sai kin mayar da gidan nan asibiti."

Saura lallen. Yana can a kusurwa, ya tsufa har ya yi ƙaya. Kullum in Inna ta yi alwala, sai ta juye masa ragowar ruwan buta. Ban taɓa ganin ta tsinki ganyensa ta ƙunsa ba, ko da salla.

Wata safiya yaron ya bi 'yan tsaki ƙarƙashinsa, ya fito yana tsala ihu, jini na bin kumatunsa. Ƙaya ta karce shi dab da ido, tazarar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Na goya shi, na sami Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa.

"Inna, kin ga abin da lallen nan ya yi. Ko a sare shi?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta leƙa bayana, ta dubi jikan nata da take tsokana da miji.

"Kai mai gida, ko cefane ba ka taɓa yi min ba, har ka fara rushe min gida?"

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai zuci ba. Sannan ta ce da ni, "Itace yana tohuwa, 'yar nan. Ido ba ya tohuwa. A sare."

Ranar mijina ya sa gatari. Inna ta ce za ta gaida wata mara lafiya a ƙarshen gari, ba ta dawo ba sai la'asar. Muka sa aka kawo yashi daga bakin kogi a amalanke, aka baje. Wurin ya yi fes. Yaron ya yi ta birgima a kai, ni kuma na sami barci.

Da a nan na tsaya, da sauƙi.

Inna ba ta daina juye ruwan butarta a kusurwar ba. Da ruwan farko ya sauka, kututturen ya fitar da tofo, ganye shar guda biyar ko shida. Na gan ta tsugune tana kallonsu. Ni abin da na gani ƙayar baɗi ce. Na bari ta shiga ɗaki, na tsige su, na karɓo baƙin mai wajen mai gyaran injin ban-ruwa, na tuttula a kan kututturen. Ina ɗagowa na gan ta a bakin ƙofa, buta a hannu. Ta juya ta koma ciki. Washegari ma ta zuba ruwan, ya taru a kan man yana walƙiya, ƙasa ta ƙi shanyewa. Haka ta yi ta zubawa har shekara uku, har ciwon ajali ya kwantar da ita.

A zaman makokinta wata ƙanwar surukina, wadda muke kira Goggo, ta zo daga Birniwa. Ta zaga bayan ɗakin, ta tsaya a kan yashin tana waige-waige.

"'Yar nan, ina lallen?"

Na gaya mata, har da baƙin man. Ta zauna a ƙasa, ta yi salati.

"Allah sarki. Ai ba za ta faɗa ba. Wa ke kama sunan ɗan fari?"

Mijina ba shi ne na fari ba, shi kansa bai sani ba. Akwai wansa, da zazzaɓi ya ɗauke a shekarar da kogi ya cika ya shafe hanyar maƙabarta. Babu inda za a kai shi, sai aka yi masa makwanci a bayan ɗakin uwarsa, ita kuma ta dasa lalle don kada wurin ya ɓace mata. Goggo ta ce lokacin da ya rasu, ya fara tafiya ke nan.