Malamar da Inuwarta Ta Shiga Kowane Hoto

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya, wadda jikokinta suka yi wa laƙabi da Gyara-Tsayuwa, a shekarar 1947, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke tsayawa sau biyu a mako. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta kuwa ɗinkin hannu take yi, kuma Allah ya yi mata rasuwa a 1954 ba tare da an taɓa ɗaukar hotonta ba. Kafin marigayiya ta cika shekara goma sha biyu, kamannin uwar sun ɓace mata ƙaf, sai ƙamshin sabulunta kawai take tunawa. Wannan rashi na biyu ya fi na farko yi mata ciwo, kuma shi ne asalin duk abin da za a ambata a nan.

Karatu da Aiki

Ta kammala makarantar horon malamai a 1966, ta koyar da lissafi a firamare tsawon shekara talatin da biyar. A 1968 ta sayi kyamara a hannun wani dattijo mai shagon hoto wanda idonsa ya fara rauni. Ƙa'ida ɗaya tak ya koya mata, cewa in za ta ɗauki hoto ta ba rana baya. Ta riƙe wannan ƙa'ida kam, ba ta taɓa tambayar ko akwai ta biyu ba, sakamakon haka inuwarta, da gwiwar hannu biyu a ɗage, ta kwanta a ƙasan kusan kowane hoto da ta ɗauka.

Aure da Iyali

A 1970 ta auri wani mai gyaran agogo, mutum mai haƙuri da yawan tsokana, suka haifi 'ya'ya huɗu tsakanin 1971 da 1983. Ba hotunan manyan taruka take ɗauka ba. Igiyar shanya ce, da famfon tsakar gida, da takalman yara a bakin ƙofa, da teburin mijinta inda ƙananan sukurori ke zube cikin murfin gwangwani. Maƙwabciyarta takan leƙo ta katanga ta ce, “Ikon Allah! Yau kuma bokiti ake wa hoto?” Ba ta kula ta, sai ta rubuta kwanan wata da fensir a bayan hoton ta jefa shi akwatin takalmi.

Shi kuwa maigidan, duk sanda ta ɗaga kyamara sai ya nuna ƙasa ya ce, “Malama, matsa gefe mana, wannan inuwar taki ta fi ki son hoto.” Ita kuma ta ce, “Kai dai gyara tsayuwa.” Shekara kusan arba'in suna wannan musu, ba wanda ya gaji, ba wanda ya matsa.

Jinyar Maigida

A 2009 ciwon mantuwa ya kama shi. Zuwa 2012 ya daina gane ta, in ta kawo masa shayi sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Na gode, baiwar Allah,” kamar yadda ake wa baƙuwa. Ita da ta san yadda fuska ke ɓacewa a zuciya, ba abin da take tsoro irin ya bar duniya bai san ta ba.

Sai ta sauko da akwatunan, kullum da la'asar tana nuna masa. Ya gane famfon, ya gane teburin, ya kira yaran da sunayensu na wasa, sannan ya tambaye ta, “To ina matata?” A lokacin ne ta lura cewa cikin hotuna sama da dubu huɗu babu fuskarta ko a ɗaya, na ranar aurensu ma yoyon rufi ya cinye shi tun 1979. 'Ya'yan suka nuna masa ita a wayoyinsu, ya ce wannan tsohuwa dai bai santa ba.

A watan Maris na 2014, aka fito da shi tsakar gida a kan kujera ya sha iska. Ta ɗauko tsohuwar kyamarar, wadda aka daɗe da daina sayar da fim ɗinta, ta ba rana baya bisa al'adarta, ta ɗaga ta zuwa ido. Inuwar ta faɗa kan ƙafafunsa. Ya daɗe yana duban inuwar, sannan ya ɗago kai ya nuna ƙasa.

“Malama,” in ji shi, “matsa gefe mana.”

“Kai dai gyara tsayuwa,” in ji ta, alhali a zaune yake. Ta danna kyamarar da babu komai a cikinta, tana kuka tana dariya. Har faɗuwar rana yana kiranta Malama. Washegari ya koma ce mata baiwar Allah, ya rasu bayan kwana goma sha ɗaya, amma ta shaida wa 'ya'yanta cewa wannan yammacin ya ishe ta.

Rasuwa

Marigayiya ta rasu a watan Yuni na 2021 tana da shekara saba'in da huɗu, bayan gajeriyar rashin lafiya, aka yi jana'izarta a ranar, aka binne ta a maƙabartar da mijinta yake. Ta bar 'ya'ya huɗu: babban ɗa injiniyan ruwa, mai bi masa ungozoma, na uku direban motar asibiti, sai auta wadda ta gaji allo da alli, da jikoki goma sha uku. Allah ya jiƙanta da rahama.

Da aka zo zaɓar hotonta da za a rataye a falo, auta ta ɗauko wani na 1984. Mahaifinsu ne a ciki, yana dariya, yana nuna ƙasa da yatsa.