Faɗuwar Nwabueze ta Huɗu

Duk wanda ya daɗe a Sabon Gari ya san Nwabueze kafinta, wanda ake kira Baban Ogechi. In bai san kujerunsa ba, to ya san kafaɗarsa ta dama, domin da wuya ka zauna a shagonsa bai zame riga ya nuna maka ita ba. A Kano aka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Hausa a bakinsa sai ka ce ɗan Fagge. Kafaɗar kuwa da tarihinta. Kowace shekara, ran Juma'ar da ke kafin bikin Ista, mutanen cocinsu kan fito titi su kwaikwayi tafiyar Yesu zuwa inda aka gicciye shi, kuma tun 'yarsa Ogechi tana goye Nwabueze ne ke fitowa a matsayin Yesu.

Shi ke haɗa gicciyen da hannunsa, da katakon maɗaci, sai ƙarti biyu sun kama ake aza masa. In samarin da ke fitowa a sojojin Roma suka sassauta bulala, sai ya waiwayo, da rawanin ƙaya a ka, ya zabga musu harara. "Ku zane ni da gaske mana! Shafa mai na ce ku yi mini?"

Ista na wucewa zai nufi Kantin Kwari wajen amininsa Alhaji Kyari, mai sayar musu da jan yadin da ake yafa wa Yesu.

"Alhaji, dubi nan. Ubangijinmu ya ce mai binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa."

"Ɗaukar dai na gani, Baban Ogechi," in ji Kyari. "Ƙin kan ne har yanzu nake jira. Wannan tabon ai 'yan dakon layin nan duk sun haddace shi."

To, a tsarin tafiyar, sau uku Yesu ke faɗuwa, kowa ya san wuraren. Bara Nwabueze ya yi ukunsa lafiya lau, sai ga ta huɗu wadda babu ita a tsari. Rana ce ta bazara mai narka kwalta. Mata suka ƙara kuka, suna cewa bana abin ya yi kyau, sojoji suna ta bulala. Sai da matarsa Comfort ta kutsa tana ihu, "Ku bari! Wannan ba Yesu ba ne, mijina ne!" Sannan aka gane faɗuwar gaske ce. A keke-napep aka kwashe shi zuwa asibiti.

Saboda haka bana Fada, limamin cocinsu, ya kira shi ya ce ya huta. Wa za a ba? Chimezie, mijin Ogechi, mai shagon gyaran waya, siriri kamar sillen kara, wanda ko tukunyar gas sai an taya shi.

"Kai za ka yi masa gicciyen, Baba," in ji Fada.

Wallahi abin ya ci Nwabueze a rai. Ba ya barci, ba ya cin abinci sosai. Ya kuma san mafita sarai: in ya yi gicciyen yadda ya saba, surukin nan ba zai kai kwanar farko ba, coci za ta zo har gida tana ba shi haƙuri. Har ya sayo maɗacin ya jingine. Comfort ta zagaya katakon ta ce, "Baban Ogechi, wannan na ɗauka ne, ko takaba kake so 'yarka ta shiga?" Ya yi kamar bai ji ba.

Da Chimezie ya zo awo, Nwabueze ya ɗora masa tef a kafaɗa, ya ji ƙashi zalla.

"Baba, tsoro nake ji," in ji Chimezie a hankali. "Amma ranar da Ogechi take kwance likita ya ce sai addu'a, na yi wa Allah alkawari in ta tashi zan ɗauka. Ko zan faɗi in mutu, sai na ɗauka."

Nwabueze ya naɗe tef ɗinsa, ya ce masa ya tafi. Ya tura ƙofar shago, ya mayar da maɗacin lungu. Siraran falankai ya haɗa kamar akwati, ciki fayau, ya liƙa soso inda kafaɗa za ta zauna, ya bi shi da fenti har ba mai bambanta shi da na da. Da Kyari ya kawo jan yadi, ya jingina da gicciyen, sai abu ya zame. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya dubi amininsa.

"Alhaji, in maganar nan ta fita, ba ni ba kai."

"Wace magana? Ni yadi na kawo."

Ran Juma'a Nwabueze yana can ƙarshen ayari, rungume da jakar ruwan leda yana miƙa wa tsofaffi. Ba wanda ya kalle shi sau biyu. Chimezie ya faɗi ukunsa daidai, ya tashi, ya kai har ƙarshe yana hawaye. Sai wata tsohuwa ta dafa Nwabueze ta ce, "Ka ga namiji! Gicciyen da ya kayar da kai bara, shi ko gezau."

Maganar ta taso masa har bakin harshe. Kalma ɗaya ta isa ta dawo masa da duk girmansa. Ya hango Ogechi tana share wa mijinta fuska da bakin zani, sai ya haɗiye, ya miƙa wa tsohuwar ruwa.

"Allah ne ya ba shi ƙarfi, Mama."

Da suka koma gida, Comfort ta ɗauko man zafi kamar yadda ta saba kowace shekara, ta zame masa riga, sai ta tsaya tana dariya.

"Af, na manta. Bana ko ƙwarzane babu."

"Shafa kawai," in ji shi. "Na bana ya fi na kullum nauyi."