Dauda Mai Gem, Mutumin da Ya Hana Ni Kayan Ɗana

Da hantsi Dauda yake buɗe rumfarsa, a wani lungu bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru, tsakanin mai faci da mai shayi. Ba ya gaisawa da kowa sai ya goge teburinsa. Ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya jona ƙarfen narka dalma a batirin sola, ya ɗaura gilashin ƙara girma a goshi. Daga nan ko faɗa ya kaure a gabansa ba zai ɗaga kai ba. Aiki mai wuya da safe yake yin sa, kafin zafi ya sa hannu gumi. Ana kiran azahar zai kashe ƙarfe. Wanda ya kawo aiki bayan nan, sai gobe. Roƙo ba ya kama shi. Na gwada.

Sana'arsa sa wa gem cif. Ga wanda bai sani ba, gem akwati ne da ake jonawa da talabijin, samari su riƙe wani abu mai maɓallai da suke kira hannu, suna buga ƙwallo ko tseren mota. Akwatin in ya zo sabo ba ya karɓar faifan da ake sayarwa a kasuwanninmu, na asalin kuma ba mai kawo shi nan. Sai an buɗe cikinsa an liƙa wani ɗan abu da bai kai farcen babban yatsa ba. Shi ne cif. Wayoyinsa sun fi zaren koma siranta, kowace da inda take sauka. Dalma ta ɗiga inda ba wurinta ba, akwatin ya mutu. Ko masu ƙera akwatin suna jin daɗin wannan aiki, ban sani ba. Ba su taɓa zuwa Nguru sun gaya mana ba.

Daga Gashuwa Dauda ya zo yana saurayi, da gyaran rediyo. Yanzu ya yi furfura, ido ya fara gazawa, ƙarshen watan nan zai rufe rumfa ya koma gida. Garin nan kuwa shiru, kamar akuya ce za ta canja turke. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni da rubutu ba aikina ba ne. Shagunan gem daga nan har Machina da hannunsa suke cin abinci. Bappayo mai shago a Jajimaji ya gaya mini da bakinsa cewa akwatunan da wani ya ƙone masa a wajen gyara, Dauda ne ya tashe su, da su ya yi aure. Amma in an zauna a majalisa, sai ka ji ana cewa mai ɓata tarbiyya. Masu faɗar haka ba su taɓa tambayar mai shayi ba, wanda kullum yake ganin Dauda yana korar duk wanda ya leƙo da kayan makaranta a jikinsa.

Ni mai bandar kifi ne. Ba na son gem, jiya da yau. Saboda ɗana Ridwanu nake magana.

Ridwanu direban motar kifi ne, magidanci, ƙaƙƙarfa. Bara waccan motarsa ta kife a hanyar Gashuwa, aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Ya dawo daga asibiti ya shiga ɗaki, ya ƙi fita. Abokansa na tasha su yi sallama, ya ce wa matarsa Huseina ta ce yana barci. Sandunan da aka ba shi suna jingine a bayan ƙofa. Ko Juma'a ba ya zuwa. Ba ya so a gan shi haka, shi ke nan. Abu ɗaya yake taɓawa, wani tsohon gem da Dauda ya sa wa cif tun kafin hatsarin. Na tsani ƙarar abin. Amma in na ji ta daga zaure, na san ɗana ya tashi zaune.

Da bazara ta yi tsanani, akwatin ya riƙa ɗaukar zafi yana mutuwa da kansa. Sai ga ƙanena Modu, wanda tun da aka haife shi bai ga abin da bai iya ba. Ya samo buhun garara, ya jiƙa shi sharkaf, ya naɗe akwatin yadda muke naɗe tulu ko ɗanyen kifi. Ya fito yana gaya wa Huseina ai ya yi sanyi ƙalau. Gaskiya ya faɗa. Ya yi sanyi, bai sake kamawa ba.

Ridwanu bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya juya fuska bango. Huseina ta kai tuwo, ta ɗauko tuwo.

Ni da kaina na saɓa akwatin, da girmana, na ratsa kasuwa. Dauda ya kwance shi, ya duba tsatsar da ke ciki, ya ce, "Baba, wa ya yi masa wanka?"

Na gaya masa. Bai yi dariya ba, mai shayi ne ya yi masa.

Na ga aikin da idona. Ya wanke tsatsar da tsohon burushin haƙori da sifirit, ya shanya a inuwa, ya ce in dawo. Da na dawo ya ciro cif ɗin da ya ƙone, ya ɗauko sabo. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen. Hannunsa na rawa, na gani. Amma da zarar bakin ƙarfen ya kai wurin, sai ya ɗauke numfashi, hannun ya tsaya cak, ɗigon dalma ya sauka. Haka ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ido na zubar da ruwa. Ya sa faifai, talabijin ya kawo, ga 'yan ƙwallo suna gudu.

Na miƙa hannu zan ɗauka. Ya ɗora nasa hannun a kai.

"Baba, ba a gaya maka tsarina ba? Akwati ba ya barin rumfar nan sai mai shi ya zauna ya buga da ni. In ga hannu yana amsawa, faifai bai tsaya ba."

"Ni ne ubansa."

"To zauna ka buga."

Na ce masa ya san halin da yaron yake ciki, ƙafa ɗaya gare shi.

"Da ƙafa ake buga gem?"

Ban tuna ranar da wani ya yi mini magana irin wannan ba. Na tsaya a rana ina faɗa, ya koma kan wani aiki kamar iska ce ke kaɗawa. Na koma gida hannu banza.

Da na gaya wa Ridwanu, ya ce a bar masa akwatin ya ci. Huseina ta je ta roƙa, Dauda ya gaishe ta da mutunci, ya hana. Modu ya je da barazana, aka tambaye shi ko ya zo da buhun. Kwanaki suna wucewa, ɗana na ramewa a ɗaki, wannan mutumin kuma yana zaune a kan tsarinsa. Na ce a raina, in wani abu ya sami yaron nan, ni da Dauda sai a gaban alƙali.

Wata safiya ina alwalar walaha na ji ƙwas, ƙwas a tsakar gida. Ridwanu ne da sanduna, ya sa hula, fuska a ɗaure. Na bi shi a baya. Keke napep ya sauke mu a bakin lungu, don ba ya iya shiga. Dole ya taka ta gaban teburin mai shayi, inda direbobin kifi suke karyawa. Duk suka juyo suna kallonsa. Can wani ya matsa a benci ya ce a haɗa wa direba mai kauri, kamar jiya suka rabu.

Dauda bai kalli ƙafar ba. Ya miƙa masa hannun gem ya ce, "Ka makara, direba. Zauna."

Dauda ya lallasa shi. Tsoho mai mataccen ido, ya yi ta zura masa ƙwallo, ba sassauci. Da aka tashi ya ce, "Duk zaman ɗakin nan da ka yi, iya abin da ka koya ke nan?"

Direbobi suka fashe da dariya. Ridwanu ya fusata, jijiyar wuya ta tashi, ya ce a sake. Aka sake, aka sake cinye shi. Dauda ya ce masa akwati lafiya lau, zai iya ɗaukar kayansa. Ridwanu ya ce wallahi ba zai ɗauka ba sai ya rama. Washegari ya dawo, shi kaɗai. Jibi ma haka. Kafin damina ta sauka ya koma tasha, shi ke tsara wa motocin Gashuwa lodi, ana jin muryarsa tun daga bakin titi.

Na tambayi Dauda ko da gangan ya yi. Ya ce shi tsarinsa kawai ya bi, haka yake yi wa kowa. Mai shayi ya ce gaskiya ne. To ban sani ba, hikima ce ko taurin kai.

Dauda, kai ne mai hannun da ba ya ɗiga a banza. Kai ne ka kalli ɗana a matsayin namiji lokacin da mu na gida muke lallaɓa shi kamar ƙwai. Mu mun kai masa abinci ɗaki, kai ka sa ya fito. Ba ka da sauƙin hali, ba zan yi maka ƙarya ba don za ka tafi.

Ku kuma samarin Nguru, rumfar nan za a rufe ta, ba wanda ya zauna ya koya. Kun iya danna hannu, ba ku iya riƙe ƙarfe ba. Saura kwanaki. Ku je da safe, ku yi shiru, ku kalla. Masu sana'a kuma ku yi tsari ku tsaya a kansa, ko da uban mutum ne ya zo yana faɗa.

Tsayuwar da ka sa na yi a rana, Dauda, ban manta ba. Amma ranar Juma'ar da ta wuce ni da Ridwanu sahu ɗaya muka yi salla. Na gode. Allah ya kai ka Gashuwa lafiya, ya bar maka sauran ganinka.