Shirun da Ke Cikin Sashe na Bakwai

Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ɗanka Boyan ya kira ni ya ce ka cika. Malam Kuang, ina tsaye a kasuwar kayan miya ta Jingdezhen da albasa a hannu, kuma ina jin kunyar faɗin abin da ya fara zuwa raina. Kafin hawaye ya zo, cewa na yi: yanzu wa zai faɗa mini tsawon shirun nan?

Shekara goma sha biyu ina zama a gabanka, gucin ɗinka, garayar nan tamu ta gargajiya, a can, nawa a nan, tebur ɗaya, tsirkiya bakwai-bakwai. Ba ka taɓa karɓar komai a hannuna ba sai ganyen shayi, shi ma kana mitar ya yi tsada. Lokacin da yatsana ya tsage, kai ka dafa magani ka ɗaure mini, kana tsokanata da 'yar gaggawa.

A hannunka na karɓi "Jiran Tanderu". Ka ce wani maginin tangaran ne ya tsara kiɗan a zamanin kakannin kakanninka. Ya zuba aikin shekara guda a wuta, ya toshe ƙofar tanderu da laka, ya zauna kwana uku yana jira ta huce, bai san ko kwanukan sun fashe ba. Shi ya sa kiɗan ke tafiya a hankali, da ƙasa-ƙasa, sai can a ji 'yar ƙara siririya irin ta tangaran mai hucewa. A sashe na bakwai kuma komai ya tsaya cak, lokacin da maginin ya ɗora hannu a ƙofar.

Tsohuwar takardar kiɗan tana faɗin yatsa da tsirkiya, amma ba ta faɗin tsawon lokaci. Wannan a hannun malami yake. Ka hana a naɗi kiɗanka, ka ce na'ura ba ta numfashi. Duk sanda na tambaye ka ƙirga nawa zan yi a shirun, sai ka ce, "Suyin, mai ƙirge bai iya jira ba."

To ga shi ka tafi, ni kaɗai ka koya wa, kuma ni zan kaɗa shi a gaban dangi ranar cikar kwana arba'in da tara da rasuwarka. Wallahi tsoro nake ji. Na gwada ya fi sau ɗari. In na gajarta, sai in ji kamar na fasa ƙofar tun wuta ba ta mutu ba. In na tsawaita, sai in rasa bakin zaren kiɗan. Abin da ya wuce ta hannun mutum shida lafiya, ina gudun ya lalace a nawa.

Makon jiya na je gidanka na zauna a kujerata na kaɗa. Na iso shirun, na daure, na daure, sannan na taɓa tsirkiya. Sai na ji muryar matarka, Inna Yuzhen, daga tsakar gida.

"Kin yi sauri, 'yata. Ban iso ba."

Ta shigo da butar shayi tana jan ƙafa. Ta ce shekara hamsin, da zarar ka iso shirun nan sai ta taso daga madafa, kuma ba ka taɓa tsirkiya sai ta ajiye butar. Tana amarya, shirun ɗan kaɗan ne. Da gwiwarta ta lalace ya ƙara tsawo, har abokanka suna yabon zurfin da kiɗanka ya yi, ita kuwa tana dariya a ranta.

Ashe ita kake jira, Malam. Yanzu kullum da safe ina zuwa, ina kaɗawa, tana tasowa. Amma hankalina bai kwanta ba, don shekararta tamanin da ɗaya, jiya ma sai da ta tsaya ta dafa bango.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Boyan da ƙanwarsa Meilan da jikokinka, Allah ya ba su haƙuri. Inna kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya da tsawon kwana. Ranar arba'in da tara zan ɗaga hannuna daga tsirkiya, ba zan sauke ba sai na ji butar ta taɓa tebur.