Wayar da na yi wa mahaifina daga Dubai

Shekarun baya, lokacin ina sayar da kayan gyaran mota a Apo da ke Abuja, nakan je Dubai saro kaya. Kaina kuwa ya kumbura. Kowa ya tambaye ni nisan wurin sai in ɗaga kafaɗa in ce ai nan da can ne, awa bakwai ka sauka Abuja. Mahaifina kaɗai ba ya yarda. Cewa yake duk garin da ba za ka iya takowa da ƙafa ba in an kira ka, to da nisa.

Wata tafiya ina can yayata ta kira ni da dare, ta ce jikin Baba ya ɗan tsananta, in da hali in dawo. Na tambaye ta yana magana? Ta ce ya samu barci. Na bar kayan a hannun abokina, na samu jirgin safe.

Ina zaune a filin jirgi, ana gab da kiranmu, zuciyata ta ƙi kwanciya, sai na buga lambar Baba. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Muryarsa ce, ƙasa-ƙasa, bayanta shiru tsit, babu ko kukan zakara, ga shi lokacin gari na wayewa a unguwarmu Kubwa.

"Awa nawa ya rage maka?"

"Bakwai, Baba. Kafin la'asar ina gabanka."



"Da nisa," ya ce. "Ka zo a hankali. Na yafe maka."

Wallahi daɗi na ji. Na shiga jirgi na ci abinci, har barci na yi.

Tun daga bakin layinmu na hango rumfa da tabarmi. Ashe Baba ya rasu tun jiya bayan azahar, an kai shi kafin magariba. Lokacin da yayata ta kira ni, maza sun ma dawo daga maƙabarta. Haka ake yi a gidanmu, ba a faɗa wa matafiyi mutuwa sai ya sauke jakarsa, don kada ya rikice a hanya.

Da hankalina ya dawo na ba yayata labarin wayar. Ta ce ƙila Baffa ne, ƙanin Baba, tunda muryarsu ɗaya, ya ɗauka don ya kwantar min da hankali. Na riƙe wannan da hannu biyu, ban sake tayar da maganar ba.

Sai bayan an shekara, Baffa ya kawo motarsa Apo, muna zaune a benci na yi masa godiya a kan abin da ya yi min. Ya kalle ni sosai.

"Wace waya? Ni a Kurudu na kwana ranar. Wayar yaya kuwa a ɗakinsa aka kulle ta, sai ranar sadakar uku aka buɗe."



Har yau ban san wanda ya amsa min ba, kuma na daina nema. In na tuna, tsigar jikina tana tashi, ba zan ɓoye muku ba. Amma wani tsoron ya fi wannan: kada wata rana wani ya fito ya ce shi ne ya ɗauka. Don yafiyar nan ita ce kaɗai sallamar da muka yi da mahaifina.