Sahabi, Mai Ƙari ko Ragi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, aka bugo mini waya daga Anka cewa Sahabi Makau ya cika, bayan jinyar ƙoda ta wata biyar.

Sahabi, ni na koya maka kimiyya a sakandare, kuma cikin ɗaruruwan da suka bi ta hannuna kai kaɗai ka ɗauki awo da muhimmanci. Da aka ɗauke ka aikin gano gubar dalma a ƙauyuka, aka ba ka na'urar nan mai harba hasken leza a kan ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki, abokan aikinka harbi ɗaya suke yi su rubuta lamba. Kai kuwa sai ka shanya ƙasar, ka daka, ka tankaɗe, ka danne ta kamar ƙwayar magani, ka harba sau talatin. Kowace safiya kana gwada na'urar da ƙasar wani gwangwani wadda ka san adadin dalmarta. Ba ka taɓa rubuta lamba ba tare da ƙari ko raginta ba, har suka mai da shi sunanka.

Ban manta da gidan Saude a Duza ba, inda ake niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma kusa da madafa. An auna tsakar gidan bayan ruwan sama, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ba da ɗari uku da tamanin, iyakar haɗari kuma ɗari huɗu. Aka cire gidan daga waɗanda za a kwashe wa ƙasa. Ka koma da babur ɗinka, ka yi kwana uku, ka samo ɗari biyar da goma, ƙari ko ragi ashirin. Ka ce mini, "Mallam, wanga ƙari ko ragi, cikinai yara ka mutuwa."

Ka kai wa shugabannin aikin takardar sakamakon. Aka ce an rufe lissafi. Autar Saude ba ta kai ga yaye ba.

Na ji na'urar tana cikin wani sito, batirinta ya mutu. Littafinka na awo yana hannuna, gidaje arba'in da ɗaya ne a ciki irin na Saude, ban san wanda zan kai wa ba.

Ina yi wa mahaifiyarka Inna Larai ta'aziyya, da matarka Lubabatu da yaranka. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka. Ka tafi inda ba a tauye awo. Allah Ya nauyaya mizaninka, Ya dubi yaran da har yau ke rarrafe a kan ƙasar nan.

Halilu Jibo, Gummi